Nauyin Ƙarfe Ba Ya Riƙe Kwalta: Jan Hankali Game da Wasan Zamiya da Mota a Sakkwato

Ba al'adata ba ce in ɗauki alƙalami a kan sha'anin mota, domin ni ba bakanike ba ne, iyakata da ita ta kai ni inda za ni in yi hamdala in sauka. Amma da yake an wayi gari a wannan birni namu na Sakkwato, musamman a lokutan da bukukuwan aure suka yawaita, da wuya yammacin Asabar ya wuce ba a ji kukan taya a kan kwalta ba, kuma sau da yawa mai sammako yakan tarar da baƙaƙen zane sun kewaye shataletale ko sun ratsa hanyar bayan gari kamar an ja gawayi, sai na ga shirun dattawa ya fara zama tarayya a cikin laifi. Duk da haka da ban yi magana ba, ba domin ɗan ƙanena ya same ni bayan sallar Magariba ba, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa da hoton wata mota mai ƙofa biyu ƙirar Infiniti G35, 'yar Kwatano, wadda yake so in sa baki mahaifinsa ya cika masa kuɗinta. Da na tambaye shi abin da ya sa ya nace sai ita, alhali ko buhun gero ba za ta ɗauka da daɗi ba, sai ya ce, "Baffa, wagga ba irin gwangwanayen nan ba ta. Ƙarhe ta. Nauyinta shi ka danne ta ga ƙasa, ko yaya ka murɗa ta ba ta kuɓuce maka."

Wannan magana ba shi ya ƙage ta ba. Na ji ta a bakin gareji, na ji ta a majalisar mai shayi, har na ji ta daga wani magidanci mai furfura wanda ya kamata a ce ya fi haka sani, kuma ita ce shubuhar da na gaji da ji.

Wasan da ake magana a kai, wanda samari ke kira diriftin, ni kuwa zan kira shi zamiya, tun da mahaya dawakinmu sun riga kowa mallakar kalmar, shi ne direba ya sa tayoyin baya su saki ƙasa da gangan, motar ta riƙa tafiya a karkace, yana riƙe da ita a haka da totur da sitiyari har ta gama shan kwana. Asalinsa hanyoyin duwatsun Japan ne. Wanda ya shahara da shi, Keiichi Tsuchiya, ya ɗauko salon daga wani gogaggen ɗan tsere mai suna Kunimitsu Takahashi, kuma da faifan bidiyonsa na 1987 ya bazu, hukumar tsere ta dakatar da lasisinsa saboda a kan hanyar jama'a ya yi wasan, abin da masu koyi da shi a nan ba su cika ambata ba. Ɗaya daga cikin duwatsun da wasan ya yi suna a kansu, a lardin Gunma, sunansa Haruna, ko da yake ba shi da dangantaka da Malam Haruna na unguwarmu. Fim ɗin Tokyo Drift na 2006 da wayoyin hannu su suka ƙarasa kawo mana shi har gida.

To, abin da ya kamata mai hankali ya fara tambaya shi ne, da wace mota shi wannan sarkin wasan ya yi suna? Da Toyota Corolla ce ƙirar AE86, wadda aka ƙera tsakanin 1983 da 1987, injinta lita 1.6, ƙarfinta bai wuce na doki 130 ba, nauyinta kuwa bai cika kilo 1,000 ba. Wadda ta gaje ta a hannun matasan Japan, watau Nissan Silvia, tana wajen kilo 1,200 ne. Amma motocin da samarinmu ke kwana suna mafarki, irin su Toyota Supra ta 1993, da Nissan 350Z, da Lexus SC300, da ita G35 ɗin, suna tsakanin kilo 1,450 da 1,600, Mitsubishi 3000GT mai ja da taya huɗu ma ta kai 1,700. Idan aka ɗora G35 da waccan Corolla a kan mizani, ratar da ke tsakaninsu ta kai kilo 600, watau buhun siminti 12 irin wanda ake lodi a Kalambaina. Da nauyi shi ne sirrin wasan, da mutanen da suka ƙirƙiro shi, waɗanda manyan motocin nan a ƙofar gidansu ake ƙera su, ba su bar su sun rungumi ƙanana ba; kuma da ba a ga ma'abota gasar a yau suna ciccire kujeru da darduma da na'urar sanyaya ɗaki, suna sauya ƙofofin ƙarfe da na roba mai ƙarfi, suna biyan maƙudan kuɗi domin su rage kilo hamsin ba.

Inda shubuhar ta sami gindin zama shi ne akwai rabin gaskiya a cikinta. Haƙiƙa gwargwadon nauyin da ke kan taya, gwargwadon yadda take manne wa kwalta. Wannan ba musu. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin mas'ala ne ya rufe littafi, domin shi wannan nauyi da ke danna tayar ƙasa, shi ne kuma yake ƙin juyawa idan an ce ya juya, yake ƙin tsayawa idan an ce ya tsaya, saboda ɗabi'ar da Allah ya halicci kowane jiki a kanta ita ce idan ya kama hanya ya miƙe, sai an sa ƙarfi daidai da nauyinsa kafin a karkatar da shi. Ribar da nauyi ya bayar da hannun dama ke nan ya karɓe da na hagu. Bal ma abin da ya karɓe ya fi abin da ya bayar, gama masana taya sun daɗe da tabbatar da cewa idan aka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta yakan ƙaru amma ba ya kai ninki. Shi ya sa a gasar Formula Drift ta Amurka, wadda aka soma a 2004, ƙa'ida ta ɗaure faɗin taya da nauyin mota, wadda ta fi nauyi aka yarje mata taya mafi faɗi, domin a rage mata naƙasa. Ba a ba mai lafiya sanda.

Wanda lissafi bai gamsar da shi ba, ya je ya tsaya ya kalli ɗan ga-ruwa a gangara. Idan kurarsa ba komai, da hannu ɗaya yake juya ta, in ta so kauce masa ya fizgo ta. Amma in ya jera mata jarka goma sha biyu cike, sai ka ga tun kafin ya iso kwana ya fara ja da baya, ya kafe dugadugansa, ya kwantar da jikinsa gefe guda, jijiyoyin wuyansa sun fito, domin ya san idan ta fara juyawa ba za ta daina ba don ya ce ta daina. Tayoyinta sun fi manne wa ƙasa a lokacin, babu shakka, amma wa ya taɓa jin ɗan ga-ruwa ya ce cikakkiyar kura ta fi daɗin sarrafawa? Haka al'amarin mota mai nauyi yake a cikin zamiya: tana da nawa wajen fara karkata, abin da ke sa sabon shiga ya ƙara gudu da totur domin ya tilasta ta, sa'an nan idan bayanta ya taso yakan taso da dukan buhunan simintin nan, kuma idan ya yi kuskuren gyara sitiyari da rabin sakan, sai ta yi wurgi da shi zuwa ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Ƙaramar mota takan yafe kuskure a cikin mita kaɗan. Babba sai ta ci fili mai yawa kafin ta huce, filin kuwa a birnin nan ba fanko ba ne, akwai mai tallan fura a cikinsa, akwai ɗan kabu-kabu da goyon mace da jariri, akwai almajiri da kwanonsa.

Wani abin da ake gafala da shi kuma shi ne ma'anar wasan kanta. Mai zamiya da kansa ya saki riƙon ƙasa, shi ne maƙasudinsa. Yaya mutum zai saki igiya da gangan, sa'an nan ya ce ya dogara ga ƙarfin igiyar? Daga lokacin da tayoyin baya suka fara hayaƙi, abin da ya rage na nauyi galibinsa sharrinsa ne. Kuma sharrin yana da lissafi: ƙarfin bugun mota yana tafiya da nauyinta, ta kilo 1,600 ta fi ta kilo 1,000 da kashi 60 cikin 100 a gudu ɗaya, amma yana tafiya da gudu ninki a kan ninki, wanda ya tashi daga kilomita 50 zuwa 100 a sa'a ya ninka bugunsa sau huɗu ne, ba sau biyu ba. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowane sakan, watau kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a kan birki ya riga ya shafe tsawon ƙofar gida biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65, kuma ba banza ba dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar da 50 a cikin gari.

Sukan ce kuma, ai ko an yi karo mai nauyi ta fi kare na ciki. A karon gaba da gaba akwai ƙamshin gaskiya, ko da yake kariyar da jinin wanda ke cikin ƙaramar motar ake sayenta. Amma mai zamiya da gefe yake tafiya, kuma maƙeran mota a gaba da baya suka ajiye ƙarfen da ke lanƙwashewa ya shanye bugu. A gefe, tsakanin haƙarƙarin mutum da turken wutar lantarki babu komai sai kaurin ƙofa. Idan kuwa tayar da ke zamewa ta ci karo da dakalin titi ko bakin kwalbati, nauyin da ake alfahari da shi shi ne zai ɗaga motar ya kifar da ita.

Adalci ya wajabta in faɗi abin da ke gefensu. Ana iya yin zamiya da babbar mota, har a ci gasa. Daigo Saito ya ci gasar D1 ta Japan a 2008 da wata Toyota mai ƙofa huɗu, ya kuma ci ta Amurka a 2012 da Lexus SC430. Chris Forsberg ya ci ta Amurkan a 2009 da 350Z. Mota mai tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya takan karkata a natse, ba ta da zafin rai irin na gajera, kuma injin 2JZ na Supra ya yi suna wajen jure wahala. Sai dai motar Saito suna da fatar jiki kawai ta haɗa da wadda ke wurin dillali: an fitar da injinta an sa wani mai ƙarfin da ya haura doki 1,000, an sauya giya, an ƙera mata keji na bututun ƙarfe a ciki, an gyara ƙafafun gaba yadda sitiyari zai karya fiye da na kowace motar gida, kuma tayoyin baya sababbi ba su wuce zagaye biyu sun ƙone. Hukuncin da na fitar ke nan: babbar motar Japan mai ƙofa biyu tana zama motar zamiya ne bayan an kashe dukiya an yaƙi nauyinta, a fili killatacce, a hannun gwani; ba ta zama ba saboda nauyinta, ta zama duk da nauyinta.

Balle ma da yawa daga cikin abin da ake wasan da shi a nan ba su shiga wannan babi ba sam. Honda Accord mai ƙofa biyu da Toyota Solara da Camry duk da tayoyin gaba suke ja, kuma motar da ke ja da gaba ba ta riƙe zamiya. Abin da yaro ke yi da ita shi ne ya finciki birkin hannu, bayanta ya wulwula, sauran kuma ya bar wa ƙaddara. Silvia ta ƙarshe da Chaser, waɗanda ake gani a bidiyo, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun ranar 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, doka ba ta yarda da irinsu ba. Abin da ke iso mana ta Kwatano galibi tsofaffin motocin Amurka ne masu giyar atomatik, sun haura shekara goma sha biyar, robobin ƙafafunsu sun ruɓe, shakazobansu sun mutu. A ɗora wannan a kan kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga rairayin da iska ke shimfiɗawa a gefen titi, wanda ke sa taya ɗaya ta kama ɗaya ta sulɓe, sai a ga cewa ko gwanin Japan aka kawo ba zai yarda ya gwada ba.

Ta fuskar shari'a kuwa, malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba, ko da yake a kan dabba suka yi maganar: ɗalibin da ya karanta Risala ya san cewa mahayi da mai ja da mai kora duk suna lamunce abin da dabbarsu ta taka. Ran da ya salwanta ta kuskure yana da diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000, da kaffarar azumin wata biyu a jere, wannan fa ga wanda bai yi ganganci ba ke nan. Ƙona taya da mai domin tafi da sowa kuwa almubazzaranci ne tsagwaronsa, kuma fiƙihu ya san safihi, ya kuma yarda a hana shi riƙon dukiya. Kada wani ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa lamuni ba. A Saudiyya, inda suke kiran wasan tafhiɗi, sai da hukuma a 2016 ta kai tarar karon farko riyal 20,000, na biyu 40,000, na uku 60,000. Kakanninmu ma da suka ƙware a sukuwa da zamiya sun ware mata fili da rana, ba a cikin kasuwa suke yi ba. 

Ga iyaye nake fara roƙo, domin yaron da bai taɓa neman na kansa ba ba shi ya sayi motar miliyoyi ba. Wanda zai ba ɗansa makulli, ya riƙa zagaya motar da safe: idan tayoyin baya sun fi na gaba cinyewa, ko ya ga roba ta narke ta yi ƙuraje a gefensu, ko ya ji ƙaurin ƙonanniyar taya a cikin gareji, ko birkin hannu ya saki alhali kwanan nan aka ɗaure shi, to ba ya buƙatar shaidu biyu, ya karɓe makullin. Uban ango da waliyyin amarya su shardanta tun a wurin ɗaurin aure cewa ayarin da aka yi wasa a cikinsa ba da yawunsu ba, kuma su sa dattijo a motar gaba da ta baya. Limamin da ya ɗaura auren ya ƙara kalma biyu a kan wannan kafin a shafa fatiha. 'Yan kallo su sani su ne man da ke hura wutar, domin ba wanda ke ƙona tayarsa a inda babu mai ɗaga waya. Wanda ya ji kukan taya ya ja yaransa ya shige, kada ya tsaya a bayan kwana, nan ne motar da ta kuɓuce ke zuwa. Makanikai kuma su ji tsoron Allah: wanda yaro ya zo masa a kan ya yi wa haƙoran aksul na baya walda domin tayoyin biyu su riƙa juyawa tare, ya sani motar da aka yi wa haka takan bijire a kwana ko a tafiyar yau da kullum, balle ranar da aka yi ruwan farko.

Wanda kuwa ya riga ya mallaki irin wannan mota don hawa, ba laifi, amma ya san nauyinta bashi ne da birki da taya ke biya. Ya duba lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, kamar 2318, watau mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara 4, kuma tayar Kwatano mai kyawun zane sau da yawa ta ninka haka. Ya auna iska da safe kafin kwalta ta yi zafi. Ya sauya man birki duk shekara biyu, domin yana shan danshi, kuma irin wanda aka fi amfani da shi, da sabo ne sai ya haura digiri 200 yake tafasa, in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140, ranar da ya tafasa kuwa ƙafa za ta nutse har ƙasa ba abin da zai kama. Ya wanke lagireto, ya sa a duba bolojoyin da tayarod, ya ɗaura bel ko da zuwa masallacin Juma'a ne, kuma kada ya kashe na'urar da ke hana motar zamewa don wani aboki ya ce ta ragwaye ce. Idan sha'awar wasan ta zama ciwon da ba ya jin magani, to matasan su haɗa kai su nemi hukuma ta ware musu fili a bayan gari, nesa da gidaje, da shinge, da hular kwano, da abin kashe gobara, da motar asibiti a tsaye, mutum ɗaya a mota, su kuma fara da ƙaramar mota mai turawa da baya da giyar hannu, a gudun da bai wuce na keke mai sauri ba, kamar yadda ake fara koya wa yaro hawa da ƙuru kafin a ɗora shi a kan ingarma.

Shi ɗan ƙanen nawa ban yi masa doguwar muhawara ba a daren. Washegari da hantsi na kira shi ƙofar gida, na roƙi mai kawo mana ruwa ya ba shi aron kurarsa cike, na ce ya gangara da ita ya karya kwanar lungunmu da ɗan sauri, tun da nauyi ke riƙe ƙasa. Ya naɗe hannun riga yana murmushi. Kurar ta bi da shi ta miƙe, tayar hagu ta faɗa lambatu, jarka uku suka fashe, takalminsa ɗaya ya tsinke, ni kuma na biya kuɗin jarkokin da na ruwan.